Ina Teku a Damagaram?

A shekarata ta biyu ta doktora a Lyon, aikina na kullum shi ne gina bakin teku a cikin akwatin gilashi. Akwatin yana can ƙasan ginin labo ɗinmu, inda muke gwaje-gwaje, a wani ɗaki marar taga mai warin danshi. Tsawonsa ya kai tabarma biyu a jere, amma faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. An cika shi da farin yashi. Ta hannun dama ruwan daɗi ke shigowa a hankali, shi ne a matsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke gangarowa daga tudu. Ta hannun hagu kuma ruwan gishiri ne, wanda nake zuba wa jan launi don a gan shi. Wani ɗan inji yana ɗaga ruwan gishirin yana sauke shi, yadda teku ke cika ya janye.

Abin da nake bincike a kai shi ne: in siffar gaɓa ta sake, yaya haɗuwar ruwan nan biyu ke sakewa a ƙarƙashin yashi? Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, don haka yakan kwanta daga ƙasa, ya zura harshe ƙarƙashin tudu, ruwan daɗi kuma ya bi ta samansa ya fita teku. Wannan kowa ya sani a fanninmu. Amma in teku ya cika ya hau gaɓa, yakan bar wani gishirin daga sama, yashi ya shanye shi. Sai ruwan daɗi ya samu kansa a tsakiya, ja a sama ja a ƙasa, ya matse ya nemi ƴar hanyar fita. In na tsayar da gaɓar ta yi gangare sosai, jan da ke sama yakan dunƙule wuri ɗaya ya zauna. In na kwantar da ita, sai ya bazu, ya riƙa zuro yatsu ƙasa ɗaya bayan ɗaya har ya dagula komai. In kuwa na yi ɗan kwari a tsakiyar gaɓa, ruwan daɗin yakan rabu ya fita ta wuri biyu.

Ƙarfen da aka ba ni na gyara yashi bai shiga akwatin da kyau, sai na kawo marar roba daga ɗakina, irin wadda muke kwashe tuwo da ita. Da ita na shafe kusan duk gaɓar da ke cikin littafin doktorana. Malamar da ke duba aikina, wata Bafaranshiya doguwa mai ƙarancin magana wadda muke kira Madam, ta taɓa ɗaukar marar ta jujjuya, ta tambaye ni inda ake sayar da ita. Ina son aikin nan. Ya kamata in faɗi wannan tun yanzu, domin abin da ya biyo baya ya sa na daɗe ban iya faɗarsa.

Ni ƴar Damagaram ce. Na tashi a unguwar da pampo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, inda ƙarar ƴan garuwa a ƙofar gida ta fi sallamar baƙo daɗin ji. Na yi karatun ilimin duwatsu da ƙasa a Yamai, na samu gurbin ƙaro karatu a Faransa, da na gama kuma aka ce akwai wurin doktora guda, amma a kan bakin teku. Ban yi dogon tunani ba na karɓa. Na gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa ina karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma gaskiya na faɗa. Sau ɗaya na so in yi mata bayanin akwatin a waya, ta katse ni.

"Ruwa dai ruwa ne," in ji ta. "Allah ya yi albarka, ya sa ki amfani mutane."

Daga nan labari ya bi dangi cewa ƴar gidanmu tana Turai tana koyon yadda ake nemo ruwa.

A lokacin ina zaune a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, a bene na can sama, muna raba gida da wata ɗaliba ƴar Tahoua. Kullum bus, sannan metiro, sannan ɗakin nan marar taga. Dangin da nake da su a ƙasar kaf su ne Kawu, ƙanen Inna, da matarsa da muke kira Tanti, da ƴaƴansu. Suna Sevran, kusa da Paris, a unguwar Beaudottes. Kawu ya fi shekara ashirin yana lodin jakunkuna a filin jirgin sama, har kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sunkuya. Mutum ne mai son jama'a, mai saurin dariya, kuma tun da na zo Faransa duk wanda ya gabatar da ni gare shi sai ya ce, "Ga doktarmu," ko da yake ban zama ba tukuna.

Da sanyi ya fara saki, aka tura ni Paris wani taron masana, in gabatar da sakamakon aikina. Na sauka gidan Kawu. Ranar Juma'a na tsaya gaban cikakken ɗaki na nuna hotunan jan ruwa yana zuro yatsu cikin yashi. Na amsa tambayoyi ba gargada. Wani tsohon farfesa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce aikin ya yi kyau. Na koma Sevran ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa, na ba Kawu labari tun kafin in cire takalmi. Ya saurara yana murmushi, ya sa na maimaita masa abin da farfesan ya ce.

"Madalla," in ji shi. "Lahadi akwai taron ƙungiyarmu ta ƴan jiha a Stains. Za ki raka mu, ki gaida iyayenki."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ɗauka gaisuwa ce da cin abinci.

Ɗakin taron yana ƙarƙashin wani dogon bene, mai kujerun roba da fitilu farare masu kashe ido. Maza a gaba, mata a baya kusa da kulolin dambu da shinkafa, yara na ta zirga-zirga suna faɗa da juna da Faransanci. Na zauna gefen Tanti. Shugaban ƙungiyar wani dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, wanda ya yi ritaya daga wata hukumar ƙasa da ƙasa a nan Paris. Yana magana a hankali, kamar mai tsoron kada kalma ta faɗi ta fashe.

Bayan addu'a ya kawo maganar da ta tara su. Ƙungiyar ta haɗa hannu ta haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a wani ƙauye kudu da Damagaram, da injin jan ruwa, da shato na tara ruwan, da pano masu aiki da hasken rana. Da farko ruwan ya fito zaƙwai, mai daɗi. Labari ya kai ƙauyukan kewaye, sharet-sharet na jakuna suka riƙa zuwa da bido-bido na ɗiban ruwa, makiyaya suka karkato da garkensu, injin ya koma aiki daga fitowar rana har faɗuwarta. Ba a shekara ba ruwan ya fara zartsi. Yanzu sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna, shayi ba ya shawuwa. Mata sun koma tsohuwar rijiya mai nisa.

Aka shiga gardama. Wasu suka ce a ƙara zurfi, ruwan kirki yana can ƙasa. Wasu suka ce a bar wurin a haƙa sabo. Wani ya ce mai haƙar ne ya cuce su, wani ya ce a bar zargi ba shaida. Ina ji ina tausaya musu, yadda mutum ke tausaya wa abin da bai shafe shi ba. Sai na ga Kawu ya miƙe ya gyara hula.

"Jama'a, Allah ya hutar da mu," in ji shi. "Mai abin tana cikin ɗakin nan. Ɗiyar yayata ce. A Lyon take, doktar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shekaranjiya ta tsaya gaban manyan farfesoshin ƙasar nan ta yi musu bayani, suka tafa mata. In akwai wanda ya san abin da ya samu foraj ɗin nan, ita ce."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Tanti ta dafa bayana ta tura ni. Na fita gaba, aka miƙo mini mikro.

Maimakon in ce a ba ni labarin foraj ɗin, sai na fara maimaita jawabina na ranar Juma'a, domin shi ke bakina. Da Faransanci na fara. Na yi nisa kaɗan Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, yi da Hausa, iyayenki mata su ji."

Ban taɓa faɗar aikina da Hausa ba. Na riƙa laluben kalmomi kamar mai neman allura a duhun ɗaki. Na ce akwai akwati, akwai yashi. Na ce gaɓar teku wani wuri takan yi gangare, wani wuri takan kwanta. Na ce in teku ya cika yakan hau. Na ga fuskoki suna kallona da haƙuri, suna jiran in iso ƙauyensu, ni kuwa na san hanyar da na ɗauka ba ta zuwa can.

A sahun gaba na mata akwai wata tsohuwa, Hajiya, da ƙafa ɗaya a miƙe kan kujera. Ɗanta ne ya kawo ta aikin gwiwa, kuma ƴar ƙauyen nan ce da ake magana a kai. Ta karkato kai ta ce da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ya yi nauyi:

"Ƴar nan, tsaya. Ina teku a Damagaram?"

Ba ba'a take yi ba. Tambaya ta yi, tana tsammanin akwai wani abu da ya wuce ta. Amma ɗakin ya fashe da dariya, har yaran da ba su ji Hausar ba suka taya.

"Babu, Hajiya," na ce.

"To a ina yake, tekun naki?"

"A Lyon... a cikin akwatin gilashi. Kwaikwayo ne."

"Shi na gaskiyar, kin taɓa ganin shi?"

"Ta tagar jirgi, Hajiya."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko. Gaskiya ce kuma: shekara biyu ina auna bakin teku, ban taɓa sa ƙafa a kan na gaske ba. Alhaji ya buga tebur a hankali har aka yi shiru.

"Ba komai," in ji shi. "Karatu faɗi gare shi. Amma ɗiyata, ga tambayarmu a taƙaice. Mu ƙara zurfi, ko kada mu ƙara?"

Na dubi mikro ɗin da ke hannuna. Kaina fayau, ba komai a ciki sai son in ɓace. Na ce, "Alhaji, ban sani ba. Ce n'est pas mon domaine." Sai na tuna an ce in yi Hausa, na ƙara da cewa, "Ba fannina ba ne."

Ba wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi. Alhaji ya gyaɗa kai, ya karɓi mikro da hannu biyu, ya ce, "Mun gode. Allah ya ba da sa'ar karatu." Aka ce amin. Da na juya zan koma wurina na hangi Kawu. Yana zaune ya sunkuyar da kai, yana goge wani abu da ba ya nan a kan gwiwar wandonsa.

Wajen cin abinci matan suka yi mini kirki fiye da kima. Tanti ta tula mini nama. Wata ta ce ita ma ɗanta ya yi karatun wani abu da har yau ba ta gane ba. Hajiya ta sa aka kira ni, ta kama hannuna ta ce, "Ƴar teku, zauna nan ki ci, kin rame." Matan da ke kusa suka ɗauki sunan nan take. Na zauna na tura dambu.

A jirgin komawa Sevran muka wuce tasha da yawa. Tanti ta yi kamar tana barci. Can Kawu ya yi gyaran murya.

"Laifina ne," in ji shi. "Da na tambaye ki tukuna. Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Mutumin da ya goye ni ina jaririya, yana ba ni haƙuri a cikin jirgi gaban mutane. Na juya ina kallon bayan gidaje ta taga. Washegari ya raka ni tashar jirgin Lyon kafin ya wuce aiki, ya ɗaukar mini jaka a kafaɗarsa mai ciwo, ya hana ni karɓa.

Da na koma Lyon na kasa kallon akwatin. Nakan kunna injin, in zauna in ba shi baya. Abin da a da nake gani kamar abin al'ajabi ya koma mini wasan yara da yashi. Inna ta kira, na san labari ya riga ya kai mata, domin a danginmu labari ba ya kwana.

"An ce kin yi jawabi a taro," in ji ta.

"E, Inna."

"Kawunki ya ce kin yi ƙoƙari."

Daga nan ta shiga ba ni labarin bikin ɗiyar maƙwabta.

Ranar da abin ya ishe ni na hau buro ɗin Madam, wato ofishinta, na ce ina so in sake batun bincikena. Na ce ƙasata ba ta da teku, kuma ina jin kunyar abin da nake yi. Ta cire tabarau ta ce in zauna in gaya mata abin da ya faru. Na ba ta labari, na tsallake dariyar. Ba ta ce komai kan kunyata ba. Tambayoyi ta jero.

"Zurfin foraj ɗin nawa ne?"

"Ban sani ba."

"A ina aka rataye injin, sama ko can ƙasa?"

"Ban tambaya ba."

"Tun farko ruwan da gishiri ya fito?"

"A'a. Da farko mai daɗi ne. Sai da aka yi ta ja ba hutu ya sake."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Madam ta dube ni, ta mayar da tabaranta, ta ce, "Akwai siririn tiyo a cikin kabad na ƙasa. Soka shi ta ɓangaren tudu, sama da harshen jan, ki ja ruwa."

Ban bukaci gwajin ba. Na san abin da zai faru tun kafin in sauka bene. A shekarar farko ta karatuna a Faransa an koya mana shi, na zana shi a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Duk da haka na sauka na soka tiyon cikin yashi, na haɗa shi da ƙaramin inji. Da farko ruwan da ke fitowa fari ne tas. Da na ƙara ƙarfin ja, sai na ga jan da ke kwance a ƙasa ya fara ɗagowa daidai ƙarƙashin bakin tiyon, ya yi tsini kamar tulin gero, yana hawa a hankali har ya taɓa. Ruwan kwalbar ya koma ruwan hoda. Na kashe injin. Tsinin ya fara komawa, amma da nawa ƙwarai, bai kai saurin da ya hau ba ko kusa. Na sake soka tiyon ya fi na farko zurfi, jan ruwan ya iso nan da nan.

Ba sai da teku ba. A wurare da dama na ƙasarmu akwai ruwa mai gishiri ko kanwa kwance a ƙasa tun zamanin da, ruwan daɗi yana bisansa. Abin da nake kallo kullum ta gilashi, mai nauyi a ƙasa marar nauyi a sama, shi ne mai yiwuwa ya faru a ƙauyen Hajiya. In haka ne kuwa, ƙara zurfi shi ne mafi munin abin da za su yi. Na zauna a kan kujerar labo na rufe fuska da hannu. Kunyar Stains ta jahilci ce a gaban mutane, wannan kuwa ta fi ta ciwo, domin ashe ina da abin faɗa, tsoro ne ya rufe mini kai har na kasa yin ko tambaya ɗaya.

Madam ta ja mini kunne kafin in kira kowa. Ta ce daga Lyon ba a yanke hukunci kan rijiyar da ba a gani ba, zartsi yana da dalilai da yawa, sai an je an auna. Ta ce in faɗa musu abin da nake zato, in kuma faɗa musu zato ne.

Na kira Kawu lokacin hutunsa na rana, ina jin ƙarar jirage a bayansa. Abin mamaki, Hausar da ta guje mini a Stains ta zo da kanta.

"Kawu, ka san kunu in ya kwana ya kwanta, ruwa a sama gari a ƙasa? In ka ɗiba a hankali daga sama, ruwa za ka samu. In ka zurma ludayi da ƙarfi, ka tayar da garin. Ina zaton haka foraj ɗin nan yake. Kada su ƙara zurfi. A ɗago injin sama, a rage ja, a bar shi ya riƙa hutawa. Amma a sa wani ya je ya auna tukuna."

"To," in ji shi. "To. To, na ji." Muryarsa ba ta yi tsallen da na saba ji ba. Ya ce zai gaya wa Alhaji.

Bayan ƴan kwanaki Alhaji da kansa ya kira ni. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi karatu, ya tambayi Inna, ya tambayi sanyin Lyon. Sannan ya ce saƙona ya iso, sun gode ƙwarai. Ya ce dama tun bayan taron sun nemi wani injiniya a can gida, ya je ƙauyen da kayan awo, kuma abin da ya ce ke nan: a ɗago injin, a rage awoyin ja, kada a ƙara ko taƙi ɗaya.

"Maganarki ta zo daidai da tasa," in ji Alhaji. "Mun ji daɗi. Ashe karatun yana nan."

Na yi godiya. Da ya kashe wayar na daɗe tsaye a baranda ina kallon motocin bus suna juyawa a ƙasa. Na yi farin ciki ba su ƙara zurfin ba. Amma amsata ta iso bayan an gama bukatarta, kuma ladabin da ya yi mini ya nuna ya san haka.

Ruwan ƙauyen ya gyaru, ko da yake bai koma yadda yake da farko ba. Kawu ya ce da damina ana sha lafiya, in bazara ta yi tsanani zartsin yakan ɗan dawo, sai su taƙaita shayar da dabbobi. Ni kuma ban sake batun bincikena ba. Madam ta ce in gama abin da na fara, na gama. Ranar da na kare littafina gaban malamai Kawu ya zo Lyon da babbar riga shuɗiya, ya zauna a sahun baya, ya ɗauki hotuna da yawa. Wajen walima wani abokin aikina ya tambaye shi ko shi wane ne, ya ce, "Kawunta ne," bai ƙara komai ba.

Yanzu ina aiki a Lyon, a wani kamfani da ke auna ruwan ƙarƙashin ƙasa na garuruwan gaɓa, kuma aikin yakan kai ni bakin teku sau da yawa a shekara. Stains kuwa na daɗe ban taka ba. Duk sanda Tanti ta ce akwai taro, sai in ce aiki ya riƙe ni, ita kuma ba ta matsa.

Bara babbar ɗiyar Kawu ta haihu, aka sa walimar suna a wannan ɗakin dai, ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Hajiya ta koma gida tuntuni, an ce tana tafiya da sanda. Amma ina shiga wata mata ta ɗaga murya daga wajen kuloli, "Ga ƴar teku!" aka rungume ni, aka miƙo mini wuƙa da buhun albasa. Na yanka har idona ya yi ja, na ji daɗin samun abin yi.

Da aka fara rabon abinci Tanti ta ɗora mini tire ta ce in kai wa dattawa. Suna zaune a kusurwa, Alhaji a tsakiya, ya ƙara tsufa. Tun daga nesa na ji suna maganar wata sabuwar rijiya da za a haƙa a wani ƙauyen, suna gardama kan inda ya kamata a sa ta. Na rage tafiya. A raina na shirya tambayoyina, na jera su ɗaya bayan ɗaya, da Hausa.

Na durƙusa na ajiye tiren. Alhaji ya gane ni, fuskarsa ta washe.

"A'a, dokta! Sannu da zuwa. Ina Lyon? Ina aiki? Ina wajen su Inna?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Madalla. Allah ya yi albarka. Allah ya raya abin da aka samu."

"Amin, Alhaji."

Sauran dattawan suka gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, da fara'a, da girmamawa. Sannan suka yi shiru suna jira in tashi su ci gaba da maganarsu. Na gyara cokulan da ke kan tiren, na matsar da kwanon yaji kusa da Alhaji, na sake gyara cokulan. Daga can wajen mata Tanti ta ƙwala mini kira, wai shinkafa ta ƙare a teburin baya. Na miƙe na tafi.